Da Sauƙi

Litinin, bayan makaranta

Yau aka kwantar da Mama a asibiti. Gadonta yana kusa da taga a ɗakin mata, daga nan ana hango igiyar da masu jinya suke shanya. Ta ce ta gode wa Allah da aka ba ta taga, ko ba komai za ta riƙa kallon waɗanda ba su iya wanki ba.

Likita ya kira Baba waje suka yi magana. Na ji kalmar da ya faɗa, ba zan rubuta ta a nan ba. Abin da zan rubuta shi ne za a yi mata aiki, kuma babban likitan da yake yin irin wannan aikin ranar Alhamis kawai yake zuwa.

Da muke dawowa, mai gawayin bakin layinmu ta ce, "Yaya jikin Mamanku?" Na ce, "Da sauƙi." Ƙanwata Auta ta ɗaga kai ta dube ni. Ita yarinya ce, ba ta san yadda ake amsawa ba tukuna.

Talata, da yamma

Na dafa shinkafa ta kama. Baba ya cinye nasa tas, ya ce ƙanzon ma abinci ne. Auta ta ce ai wannan duk ƙanzo ne.

Lokacin addu'ar yamma mun zauna kamar kullum, Baba ya buɗe Littafi ya yi karatu. Da aka zo waƙa sai muka yi shiru, kowa yana jiran kowa. Ashe Mama ce take ɗauko mana waƙa kullum, ban taɓa lura ba. Baba ya gwada, ya ɗauko ta can ƙasa inda ba mai iya binsa. Ya dube ni, don ina cikin mawaƙan coci. Amma a layin baya nake tsayawa, bayan masu tsayi, kuma ko a can ba na tsammanin wani ya taɓa jin muryata. Muka bar waƙar muka yi addu'a.

Laraba, bayan mun dawo daga asibiti

Akwai wata nas doguwa da take kula da ɗakin su Mama. Ita ta yi mana bayani. Ba za a shiga aiki ba sai an ajiye jini a gefe, kuma irin jinin Mama ba a cika samunsa ba. Na ɗakin ajiyarsu ya ƙare. Sai mu kawo mutane a gwada su, ko Allah zai sa a dace.

Baba ya naɗe hannun riga nan take. Aka auna shi, aka ce yana da hawan jini, ba za a ɗiba ba. Ya ce shi kafinta ne, katakon da yake ɗagawa a rana ya fi ƙarfin mutum biyu. Nas Doguwa ta ce, "Baba, ba da guduma ake auna wannan ba."

Na ce a gwada ni. Ta tambayi shekaruna, ta ɗora ni a sikeli, ta yi dariya. "Ke da iska mai ƙarfi za ta kwashe? In na ɗebi jininki sai na nemo miki gado kusa da Mamanki."

Baba ya kira Kawu, ƙanen Mama, a waya. Yana aiki a gari mai nisa. Ya ce zai nemi izini ya zo.

A hanya na ce, "Baba, ko a faɗa a coci?" Na daɗe ina juya maganar kafin ta fito. Ya ce a'a, Mama ba ta so. Ya ce gishiri da ashana ake roƙa a wurin maƙwabta, ba a zuwa ƙofar mutum a ce ya ba ka jinin jikinsa. Kawu zai zo.

Alhamis, da rana

An ɗaga aikin.

Juma'a, da yamma

Mutanen da suka tambaye ni yau: mai gawayi, malamar lissafi, mai gadin makaranta, ƙawata da muke zama benci ɗaya. Duk na ce da sauƙi. Malamar lissafi ta ce, "Madalla, to ki mai da hankalinki kan allo, tun ɗazu taga kike kallo."

Ban san ko ƙarya ce ba. A ajin Lahadi an koya mana cewa ƙarya ita ce ka faɗi abin da ka san ba haka yake ba don wani ya yarda. Amma kowa haka yake amsawa. Lokacin da kakata take kwance, har ranar ƙarshe da sauƙi ake cewa, kuma ba wanda ya ce mun yi ƙarya.

Asabar, da la'asar

Inna Rediyo ta zo duba Mama. Yaran coci ne suka sa mata wannan sunan, ita ma ta sani, har takan ce ita rediyon da ba ya cin batir ce. Tana cikin zumuntar mata tare da Mama. Su biyun ne suke zagayen duba marasa lafiya duk ranar Talata, Mama ta riƙe kwando, Inna ta riƙe hira.

Ta taga Mama ta hango ta tana tahowa da fulas. Ta ce, "Maza, ɗankwalina. Miƙo hoda." Na tallafe ta ta zauna, na sa mata matashi biyu a baya. Tana shafawa hodar ta zube a zanen gado, na kakkaɓe. Ta ce in ja bargo in rufe robar da aka sa mata.

Inna ta shigo da sallamarta tun daga ƙofa. "Ina mai ƙaryar ciwon? Kin gudu kin bar ni da kwando, ko?"

Mama ta yi dariya. "Hutu na zo yi, Yaya. Ke ma ki nemi gado."

"Yaya jikin?"

"Da sauƙi sosai. Mun gode wa Ubangiji."

"Ai na gani! Dubi fuska, kamar amarya."

Ta ba da labarin wanda ya haihu da wanda ya yi faɗa da surukarsa, ta yi addu'a mai tsawo har matar gadon kusa ta ce amin sau biyu don a rufe. Ta bar mana fulas ɗin shayi ta tafi.

Ko bakin ƙofar asibiti ba ta kai ba Mama ta zame ta kwanta. Gumi ya wanke hodar. Nas Doguwa ta zo ta duba ta, ta dube ni.

Lahadi, bayan sujada

Lokacin shaida Inna Rediyo ta miƙe. Ta ce ita da idonta ta je ta gani, 'yar'uwarmu ta tashi, tana zaune tana dariya, har hoda ta shafa. Ta ce a daina kuka, a soma godiya. Aka tafa, mai ganga ya buga. Fasto ya ce to, daga yau a cire sunanta daga cikin waɗanda ake roƙa wa warkarwa, a sa cikin masu godiya. Ya nemi Baba da ido. Baba ya ɗan miƙe daga benci ya sunkuyar da kai, ya koma ya zauna. Shi ya ƙera bencin da yake zaune a kai.

Ni ma na tafa, daga layin baya. Auta ta yi ta tsalle, ta ɗauka gaskiya ne Mama za ta dawo gida.

Ba laifin Inna ba ne. Abin da aka nuna mata ta faɗa.

Litinin, da safe

Kawu ya ce gobe.

Talata, da yamma

Kawu ya zo, aka gwada shi, nasa bai dace ba. Ya zauna a kan dakalin waje ya rufe fuska da hula. Ya koma da motar yamma saboda aiki.

Ina shafa wa Mama mai a ƙafa na ce, "Mama, me ya sa kike cewa da sauƙi?"

Ta buɗe ido. "To me zan ce?"

"Abin da yake akwai."

"In na ce da sauƙi ba labari nake bayarwa ba, roƙo nake yi. Ina faɗa ne don Mai ji ya ji."

Na ce, "Amma mutane suna ɗauka labari ne."

Sai ta ce shekara da shekaru tana shiga ɗakunan marasa lafiya, ta san irin kallon da ake yi wa wanda yake kwance. Ta ce ba ta son a yi mata shi. Kuma kowa a cocin nan yana da nasa nauyin: wance mijinta ba aiki, wane ɗansa yana shaye-shaye. "Ni na san gidajensu ciki da waje. In ƙara musu da nawa?"

Ni dai ba na iya amsa wa mutane sai bayan na dawo gida.

Amsar da na samu yanzu ita ce: ai su ma ba su ɓoye mata nasu ba, shi ya sa ta sani.

Alhamis, da yamma

An sake ɗagawa. Babban likitan ya tsaya a gaban gadon ya duba takardun, ya ce wa Baba, "Malam, ba zan iya ɗagawa karo na uku ba. Ba don ni ba." Baba ya ce, "To, likita."

Yau Mama ba ta kalli igiyar shanya ba.

Baba ya je wasu asibitoci biyu ya tambaya, babu. Da ya dawo ya wuce shago kai tsaye. Ina jin ƙarar aikinsa daga tsakar gida, yana goge katakon da na san tun jiya ya gama goge shi.

Asabar, da rana

Na yi wanki. Na yi wa Auta kitso, ya karkace, ta yi kuka. Na yanke shawara gobe zan faɗa wa Fasto. Na shirya maganar, na maimaita ta a gaban madubin Mama har ta zauna.

Ya Yesu, ka san ni. Ka san ko sunana aka kira a aji sai na sunkuyar da kai. Ba na roƙon ka mai da ni mai baki. Gobe kawai.

Lahadi, bayan sujada

Fasto yana tsayawa a bakin ƙofa yana gaisawa da kowa in an tashi. Na shiga layi. Maganar tana bakina, ina jin ta. Ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "'Yata, yaya ƙarfin jikin Mama?"

Na ce, "Da sauƙi."

Da kanta ta fito. Ya ce, "Ubangiji ya cika aikinsa," na bayana ya miƙo hannu, na wuce.

Ba na son rubuta komai kuma yau.

Litinin, da la'asar

Bari in rubuta abin da ya faru daki-daki.

Da na dawo makaranta na ga fulas ɗin Inna Rediyo a kan kanta, tun ranar da ta kawo shayi ba mu mayar ba. Na wanke na kai mata. Na same ta a ƙofar gida tana tsince wake a tire. Ta ja min kujera, ta soma: ashe har yanzu ba a sallame ta ba, likitocin nan da son riƙe mutum, ita ta riga ta gaya wa mata su shirya waƙar da za a tare ta da ita, kuma wane zane Mama za ta ɗaura ranar godiya? Ni ina riƙe da fulas ɗin a cinya. Sai ta ce, ba tare da ta ɗago daga waken ba, "Jikin dai da sauƙi ko?"

Ban shirya komai ba. Wataƙila shi ya sa. Na ce, "Ba sauƙi, Inna."

Hannunta ya tsaya a cikin waken.

Na faɗa mata maganar jinin, da Baba, da Kawu, da Alhamis. Na faɗa mata hodar ma. Ina kallon murfin fulas ɗin duk lokacin. Da na gama na jira ta yi magana, ba ta yi ba. Tunda nake ban taɓa ganin Inna Rediyo shiru ba. Har na ji kukan kaza a gidan maƙwabta.

Can ta ce, a hankali, "Ni na tashi a gaban jama'a na ce ta warke."

Na ce, "Haka aka nuna miki."

"Shekara nawa muna yawo da matar nan. Ni za ta shafa wa hoda?" Ta goge ido da bakin zane. Ta ajiye tiren a ƙasa, kaji suka taho, ba ta kore su ba. "Wane irin jini ne?" Na faɗa mata yadda nas ta faɗa. Ta sa na maimaita. Ta shiga ɗaki ta fito da mayafi da waya, takalminta ma ƙafa ɗaya daban.

Na ce, "Inna, Mama ba ta so a sani."

Ta ce, "To ai kin makara, 'yata. Kin san wa kika faɗa wa."

Litinin, bayan cin abinci

Kafin in gama dafa abinci wayar Baba ta yi ƙara har ya gaji ya kashe ta. Ya tsaya a ƙofar kicin ya ce, "Ke ce?" Na ce, "Ni ce, Baba." Ya daɗe yana kallona. Bai yi faɗa ba. Da ya yi da ya fi min sauƙi.

Lokacin addu'a ya yi karatu ya rufe Littafin. Bai ce in yi addu'ar rufewa ba kamar yadda yakan ce.

Talata, da yamma

Na je asibiti daga makaranta. Tun daga nesa na ga mutane a barandar ɗakin gwaji, na ɗauka haɗari aka yi. Sai na gane mai ganga. Na ga matar Fasto, da Fasto kansa ba rigar wa'azi, da 'yan matan layin gaba na mawaƙa, da dattijon nan da kullum yake barci lokacin wa'azi. Har mai gawayin layinmu, wadda ba cocinmu take zuwa ba, tana zaune da auduga a gwiwar hannu. Inna Rediyo tana tsaye a ƙofa tana tsara layi kamar ita ce mai asibitin. An ce shekarunta sun wuce a ɗebi nata, ta yi rigima da mai gwajin, ta ce jininta ya fi na yaran yanzu kauri.

Akwai wani mai walda a cikin mawaƙanmu, ƙato, muna kiransa Kawu Tsawa saboda muryarsa. Yana ganin allura ya ce a ba shi minti ɗaya, ya sulale ƙasa. Sai da aka yi masa fifita. Da ya farfaɗo mai ganga ya ce, "Ashe tsawar ba ruwan sama." Shi kuma ya ce ai addu'a ya durƙusa yi. Kuma nasa ne ya fara dacewa. Ya kwanta ya rufe ido da hula aka ɗiba, yana waƙa ƙasa-ƙasa don kada ya ji.

Daga baya aka sami na wata 'yar layin gaba, da na matar Fasto. Nas Doguwa ta ce ya isa, sauran kuma asibiti ya gode, za su yi wa wasu amfani.

Fasto ya gan ni a jikin bango ya zo. Ya ce, "Ranar Lahadi na tambaye ki ina kallon wanda ke bayanki. Ki yafe min." Ban san abin da ake ce wa Fasto in ya faɗi haka ba. Na ce, "Ba komai."

Da na shiga wurin Mama ta juya fuska ga bango. Na gaishe ta, ta amsa ba ta juyo ba. Na zauna na bare mata lemo, na ajiye.

Sai ga Inna ta shigo. Ba ta yi sallamar nan mai ƙara ba. Ta zauna a bakin gado ta ce, "Juyo in ga fuskar ba hoda."

Mama ba ta motsa ba.

"Ranar da aka kama ɗana, wa na kira? Na shafa miki hoda? Da majina kika same ni."

Kafaɗar Mama ta soma rawa. Ban san ko kuka ne ko dariya ba, ina jin duka biyun ne. Na ɗauki bokiti na fita kamar zan ɗebo ruwa, na daɗe a famfo.

Laraba, da yamma

Baba bai ce min komai ba har yanzu. Amma da na dawo makaranta na tarar ya gyara ƙafar teburin karatuna, wadda ta shekara tana rawa ina sa mata takarda a ƙasa.

Lokacin addu'a da aka zo waƙa aka yi shirun nan. Na ɗauko ta. Ta yi sama da yawa, Auta ta yi dariya, amma sun bi ni.

Gobe ne.

Alhamis, da rana, a barandar asibiti

Sun shiga da Mama ɗakin aiki. Matan zumunta sun shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin bishiya. Ba sa waƙa saboda marasa lafiya, bakinsu kawai yake motsi. Baba yana zaune a benci yana shafa gefensa da yatsa, na san yana jin inda ba a goge da kyau ba.

Ya Ubangiji. Ya Ubangiji.

Alhamis, da la'asar

Sun fito da ita. Likita ya ce an yi abin da aka shiga yi, saura a jira a gani, kuma akwai sauran tafiya a gaba. An yi amfani da jinin duka. Kawu Tsawa da ya ji haka ya ce to yanzu in Mama ta dawo coci a layin maza za ta riƙa waƙa.

Ba ta farka ba tukuna.

Juma'a, da safe

Ban je makaranta ba, Baba ya ce in zauna da ita shi ya kai Auta.

Ta buɗe ido wajen hantsi. Ta daɗe tana kallon silin, sannan ta gan ni. Leɓenta ya bushe, na jiƙa auduga na shafa mata kamar yadda Nas Doguwa ta nuna min. Na rasa abin da zan ce, sai na ce abin da kowa yake cewa.

"Mama, yaya jiki?"

Na ga bakinta ya shirya kalmar. Na san siffarta, na gan ta sau da yawa. Sai ta tsaya, ta dube ni sosai, ta laluɓo hannuna.

Ta ce, "Da zafi. Da zafi ƙwarai. Kira min nas."

Na tashi da gudu. Nas Doguwa ta ce ita dai tunda take aiki ba ta taɓa ganin wanda ya zo ya ce mata uwarsa tana jin zafi yana murmushi ba.